Kamfanin wutarmu ya ce ya fi maƙwabta araha, sai na jera bil ɗin gida uku

Kamfanin da ke ba unguwarmu wuta mallakar hukumar gari ne, kuma kowace shekara yakan haɗo wata takarda mai launi cikin bil. An zana sanduna a jikinta, kowace sanda tana wakiltar kamfani ɗaya cikin masu rarraba wuta a yankin, an jero su daga mai tsada zuwa mai sauƙi. Tamu ce gajeruwa. Can ƙasa, da rubutun da sai ka ƙura ido, an ce lissafin na gidan da ke shan yunit 1,000 ne a wata.

Ni akanta ce, kuma bil ɗin gida uku ne ke bi ta hannuna. Akwai nawa. Akwai na Umma, mahaifiyata, wadda ke zaune a karkara inda wata ƙungiyar gama kai ta mazauna yankin ke ba da wuta, ni ke biya mata. Sai na ƙanena, wanda gidansa ke ƙarƙashin babban kamfanin 'yan kasuwa masu hannun jari. Shi ke biyan abinsa, amma duk ƙarshen wata sai ya turo mini hoton takardar da tambaya guda: “Yaya, wannan daidai ne kuwa?” Saboda haka na daɗe ina ganin farashin kamfanoni uku kusa da juna, abin da yawancin mutane ba sa samun damar gani, tunda kowa kamfanin da wayarsa ta biyo ta ƙofar gidansa shi ya sani.

Hukuncina a kan takardar nan: ba ƙarya aka rubuta ba, na bi lissafin ya fito daidai. Sai dai lissafin wani gida ne, kuma a gidana kamfaninmu ya fi na ƙanena tsada.

Ga yadda abin yake. Kusan duk bil ɗin wuta ɓangare biyu ne. Akwai tsayayyen kuɗi da ake caje ka ko da ka kulle gida ka yi tafiyar wata guda, na mita da waya da ma'aikata. Sai kuɗin abin da ka sha, yunit sau farashinsa. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda: ƙwan fitila mai wat 10 sai ya yi awa 100 a kunne kafin ya cinye shi, dutsen guga mai wat 1,000 kuwa a awa ɗaya ya gama da shi. Kamfanoni suna bambanta a farashin yunit, suna kuma bambanta a yadda suka raba nauyi tsakanin ɓangarorin nan biyu, kuma a nan gizo ke saƙa.

Bari in sa lambobi na misali, ba tare da sunan kuɗin kowace ƙasa ba, masu kama da tsarin kamfanonin uku. A ce namu yana karɓar tsayayyen kuɗi 3,000, yunit kuma 9. Na ƙanena yana karɓar 1,000, yunit 12. A yunit 1,000, namu ya tashi 12,000, nasu 13,000. Sandarmu ta fi gajarta, an ci gasa. To amma ni da mijina ne kawai a gida, wuni muke a wajen aiki, firji da fanka da fitilu da injin wanki sau biyu a mako, abin da muke sha bai cika wuce yunit 300 ba. A nan namu ya tashi 5,700, na ƙanena 4,600. Idan na raba abin da na biya da abin da na sha, yunit ya zo mini a 19, alhali takarda na yi mini tallar 9. Inda kamfanonin biyu ke yin kunnen doki wajen yunit 667 ne. Ƙasa da haka babban kamfani ya fi sauƙi, sama da haka namu.

Ƙanena kuma gidansa cike yake da yara, ga na'urar sanyaya ɗaki biyu, ga hitar ruwan wanka. Na'urar sanyaya ɗaki mai wat 1,500 idan ta yi awa 8 tana aiki sosai ta sha yunit 12, a wata ta doshi 360, ita kaɗai ta wuce duk gidana. A watannin zafi yakan kai yunit 1,500. Kamfaninsa kuma farashi mataki-mataki yake yi, da ka haura 1,000 sai yunit ya koma 15. Bil ɗinsa ya zama 20,500, inda a namu 16,500 zai biya. Wato ni ina inda ya dace da shi, shi yana inda ya dace da ni. Da na nuna masa, cewa ya yi, “To Yaya, mu yi musayar gida mana.” Matarsa ba ta yi dariya ba.

Daga ina ma aka samo wannan 1,000? Adadi ne mai daɗin faɗa, kuma a wasu wurare ya yi kusa da gaskiya. Hukumar tattara bayanan makamashi ta Amurka ta ce a 2022 matsakaicin gida a ƙasar ya sayi yunit 10,791 a shekara, wajen 899 ke nan a wata. Amma a cikin ƙasar kanta, gidan jihar Louisiana ya sha 14,774, na Hawaii 6,178. A Birtaniya, a 2023, hukumar Ofgem mai kula da harkar makamashi ta ɗauki yunit 2,700 a shekara a matsayin abin da matsakaicin gida ke sha, wato 225 a wata, saboda yawancin gidajensu da iskar gas suke ɗumama ɗaki. Kamfanin Hydro-Québec na Kanada, wanda ke fitar da kwatancen farashin wuta na manyan biranen Arewacin Amurka duk shekara, shi ma da 1,000 yake auna gidaje. Ma'auni ne da masu sana'ar suka saba da shi, ban ga laifin kamfaninmu da ya ɗauko shi ba. Laifinsa shi ne tsayawa a kansa shi kaɗai, kamar telan da ya auna mutum ɗaya ya ɗinka wa unguwa. Kamfanin ya fi kowa sanin abin da kwastomominsa ke sha, shi ke karanta mitocin. Da ya so, da ya zana sanduna kashi uku: na mai shan kaɗan, na matsakaici, na mai shan da yawa.

A jihar Texas ta Amurka doka ta tilasta hakan. Tun 2002 mafi yawan mazauna jihar ke iya zaɓar wanda zai sayar musu da wuta, kuma kowane tayi dole ya zo da takardar da ke nuna matsakaicin farashin yunit a mataki uku: 500 da 1,000 da 2,000. Hukumar jihar tana da shafin intanet mai suna Power to Choose inda ake jera su. Duk da haka 'yan kasuwa sun samo hanya. Sai a tsara rangwamen da ba ya shiga sai ka kai yunit 1,000 cif, tayin ya haye saman jeri a matsayin mafi araha, wanda kuwa ya tsaya a 950 ya rasa rangwamen baki ɗaya, ya biya fiye da maƙwabcinsa da ya fi shi sha. Da zarar an san adadin da ake aunawa da shi, za a sami mai gyara farashinsa ya yi kyau a daidai wurin.

Akwai kuma abin da takardarmu ta bari a waje, kuma wannan ya fi ba ni haushi. A bil ɗinmu akwai layi guda na daidaita kuɗin makamashi, mai hawa da sauka gwargwadon tsadar iskar gas ko kwal da aka ƙona aka samar da wutar. Kamfaninmu ba ya samar da mafi yawan wutar da yake sayarwa, sarowa yake yi, don haka layin nan yana motsi sosai. Takardar ta ɗauki wata guda ta yi kwatancen a kai, kuma watan da aka zaɓa layin yana ƙasa. Na ƙanena farashinsa na zafi daban da na sanyi, an kuma ɗauki na zafi, mai tsadar. Babu lambar da aka ƙirƙira, zaɓe kawai aka yi. Haraji ma haka: wani kamfanin yana haɗa shi cikin farashin da yake bugawa, wani sai a ƙasan bil za ka gan shi. Hanyar da na yarda da ita guda ce, kuma ba ta buƙatar akanta. Tara bil na wata 12, haɗa duk kuɗin da ya fita daga aljihunka, haɗa duk yunit ɗin, ka raba. Sannan ka ɗauko jadawalin farashin ɗaya kamfanin, ka sa yunit ɗinka na kowane wata a ciki. Aikin yamma ɗaya ne.

Bil ɗin Umma shi ne ya fi tsaya mini a rai, kuma a kansa na fi daɗewa. Ita kaɗai ce a gida sai jikarta. Ƙaramin firji, fanka, rediyo, fitilu, cajin waya. Yunit 120 ya ishe ta a wata. Ƙungiyarsu tana karɓar tsayayyen kuɗi 4,000 a lambobin misalin nan, yunit 10. Bil ɗinta 5,200, wato yunit yana zuwa mata a kusan 43. A cikinmu uku ita ce mafi ƙarancin sha, ita ce kuma mai sayen yunit mafi tsada nesa ba kusa ba. Da a kamfanin ƙanena take, 2,440 za ta biya. Ta sha ce mini ta rage kunna fitilar tsakar gida don kada ta ɗora mini nauyi. Na ce, “Umma, ki kunna abinki. Ko kin kwana a duhu, kashi uku cikin huɗu na kuɗin nan yana nan.” Tattalin da take yi ba ya taɓa tsayayyen kuɗi ko kaɗan.

Da farko mutum zai ce zalunci ne. Amma duk wanda ya bi hanyar garinsu ya ƙirga turakun wuta zai sassauta. Ana shafe tafiya mai nisa waya na bin gefen gonaki kafin ta sauka a gida ɗaya. Turke da waya da taransifoma kuɗinsu ɗaya ne ko gida ɗari suke ɗauka ko gida biyar, sai dai yawan waɗanda za su raba nauyin. A Amurka, inda irin waɗannan ƙungiyoyi suka bazu bayan dokar kai wuta karkara ta 1936 saboda kamfanonin kasuwa sun ƙi zuwa, ƙungiyoyin kan sami kwastoma kimanin 8 a kowane mil na waya, sauran kamfanoni kuma sama da 30. Birtaniya ma da hukuma ta sa wa farashin wuta iyaka a faɗin ƙasa tun Janairun 2019, an raba ta yanki 14 na rarraba wuta, kuma tsayayyen kuɗin ba ɗaya ba ne: mazaunin Landan, inda gidaje ke cunkushe, yana biyan ƙasa da mazaunin arewacin Wales. Don haka ban zargi ƙungiyar su Umma da cin riba ba. Ba ta da masu hannun jari da za ta raba wa, kwastomomin su ne masu ita, kuma in an sami rara takan dawo musu. Abin da nake ƙi shi ne a ɗora wa tsohuwa mai fitila huɗu tsayayyen kuɗi daidai da na mai gonar kaji da ke gefenta, wanda saboda shi aka sa babbar taransifoma. Ana iya raba kuɗin gwargwadon girman layin da aka ja wa gida, kamar yadda ake yi a Faransa da Japan, inda tsayayyen kuɗinka ke bin ƙarfin wutar da ka nema a ja maka. Na rubuta musu haka. Sun amsa da ladabi, sun ce za a kai maganar taron shekara.

Wata ƙasar kuma ta zaɓi ta shafe bambancin gaba ɗaya. A Faransa farashin da hukuma ta ƙayyade ɗaya ne a ko'ina, daga tsakiyar Faris har tsibirin Corsica da tsibiran da ke can ƙetaren teku, inda samar da wutar ya fi tsada ƙwarai. Mutanen birni ne ke ɗauke wa na nesa wani kaso, da saninsu, bisa doka. Jamus ta daɗe a kan akasin haka: yankunan arewa da gabas da suka cika da injinan samar da wuta daga iska su ke biyan kuɗin layi mafi tsada, don su ne aka ƙara wa wayoyi, alhali wutar kudu take tafiya. Sai daga Janairun 2025 aka fara raba wannan nauyi a kan ƙasar baki ɗaya. Wato wani ɓangare na bambancin da muke gani tsakanin kamfani da kamfani shawara ce da mutane suka zauna suka yanke, kuma ana iya sake ta.

Wani ɓangaren kuma rabo ne na ƙasa. Kusan duk wutar lardin Quebec na Kanada daga madatsun ruwa take fitowa, waɗanda aka gina tun shekaru da dama, shi ya sa Montreal da ke lardin ke cikin biranen da suka fi arahar wuta a nahiyarsu. Hawaii kuwa mai take shigowa da shi ta jirgin ruwa ta ƙona, ita ce jiha mafi tsadar wuta a Amurka. A Japan, cikin manyan kamfanonin yanki 10, guda 7 sun ƙara farashin gidaje a Yunin 2023 bayan tsadar makamashi. Kansai da Kyushu, waɗanda tashoshinsu na nukiliya ke aiki, suna cikin waɗanda ba su ƙara ba. Manajan kamfani ba shi ya haƙa kogi ba, kuma bai kamata ya karɓi yabon arahar da kogi ya kawo ba. Wannan ma yana cikin abin da ke sa ni kallon gajeruwar sandarmu da ido ɗaya: kamfaninmu yana da tsohuwar kwangilar sayen wuta mai sauƙi, wadda aka sa wa hannu tun kafin waɗanda ke ofis yanzu su kama aiki. Ranar da ta ƙare za a ga iyawarsu.

Batun wanda ya mallaki kamfani ana yawan kawo shi, kuma yana da tasiri, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Misalin da aka fi bayarwa na Kalifoniya ne, inda mazauna Sacramento da ke ƙarƙashin SMUD, mallakar jama'a, ke biyan ƙasa sosai da maƙwabtansu na kamfanin 'yan kasuwa PG&E. Gaskiya ne SMUD ba ya raba riba ga masu hannun jari. Gaskiya ne kuma PG&E yana riƙe da wayoyi masu nisan gaske cikin dazuka da tsaunuka masu kama wuta, har ya shigar da takardar karyewar arziki a Janairun 2019 saboda diyyar gobarar daji, kuma kuɗin binne wayoyi da sare itatuwa a bil yake ƙarewa. Kamfanin hukuma ma ba sadaka yake yi ba. A Afirka ta Kudu ƙananan hukumomi da yawa suna saro wuta daga Eskom, kamfanin wutar ƙasar, su sayar da ƙari, su yi wasu ayyukan gari da rarar. Namu ma yana tura wani kaso cikin asusun hukumar gari duk shekara, yana rubuce a rahotonsu. Ban ƙi ba, titi da fitilun hanya ni ma ina amfana. Ina dai so a san cewa haraji ne da ya shigo ta mita.

Yanzu ga aikin kansa, tunda ba lamba kaɗai ake saya ba.

Wajen tsayuwar wuta, namu ya ciri tuta. Yankinsa ƙarami ne, wayoyi da yawa a ƙarƙashin ƙasa suke, in aka ɗauke ba a jimawa an kawo, kuma motar gyara daga cikin gari take tasowa. Na ƙanena ba ya yawan ɗaukewa, amma in guguwa ta yi ɓarna a faɗin yankinsu, unguwarsu takan jira, domin ana fara gyara inda ya fi jama'a. Na Umma shi ne mai yawan ƙiftawa, reshe ɗaya ya faɗo kan waya an tafi. Amma ma'aikatansu sun san ta da suna, kuma akwai daren da suka zo cikin ruwan sama suka ɗaura mata wayar da ta tsinke, ba a nemi ko sisi ba. Masu sana'ar suna da ma'aunin wannan, jimillar lokacin da matsakaicin kwastoma ya yi babu wuta a shekara. A Amurka ya haura awa 8 a 2020, shekarar da guguwa ta yi yawa. Ban taɓa ganin kamfanin da ya sa wannan adadi kusa da farashinsa a takardar talla ba, har namu da zai ci riba in ya sa. Najeriya ta haɗa biyun kai tsaye, inda aka kasa kwastomomi rukuni-rukuni bisa awannin wutar da aka yi musu alkawari, rukunin farko aƙalla awa 20 a rana kuma shi ne mai tsada. Ko ana cika alkawarin wata magana ce, amma tunanin daidai ne: araha ba ta ado idan sai ka sayi man janareta ka cike giɓi, ko ka zubar da abin da ke cikin firji.

Wajen bil mai karantuwa, babban kamfani ya fi mu. Takardarsu tana nuna zanen abin da ka sha wata 13 a jere, ka ga bana ka ga bara, kuma a manhajarsu ta waya kana iya ganin shanka awa-awa. Namu layuka ne masu gajerun sunaye da ba a fassara ba, sai da na kira ofis kafin na gane biyu daga ciki. Wanda ya ɗauka ya yi mini bayani da haƙuri, wannan na ba su. Mutum ne ke ɗaukar waya, kuma ba a daɗe ana jira. A na ƙanena inji ne ke amsawa, danna ɗaya, danna uku, ka dawo inda ka fara. Akwai watan da aka yi masa ƙiyasi maimakon karanta mita, aka caje shi fiye da kima, kuma sai bil na biyu bayan nan aka mayar masa. Na Umma har yanzu takarda ce a ambulan, amma a fili take, layi huɗu, tana iya karantawa da kanta.

Wajen zaɓin tsari kuwa namu ba shi da komai, farashi ɗaya ne dare da rana. Na ƙanena yana da tsarin da wuta ke sauƙi da dare ta yi tsada da yamma. Ba sabon abu ba ne a duniya, Birtaniya na da Economy 7 mai awa 7 na rangwame da dare tun 1978, Faransa na da awa 8 a kowace rana. Tsari ne mai kyau ga wanda zai iya matsar da aikinsa. Na duba shan ƙanena awa-awa na hana shi shiga, domin mafi yawan wutarsa daga la'asar zuwa bayan isha yake sha, lokacin da yara suka dawo aka kunna komai, daidai lokacin tsadar. Hitar ruwa da injin wanki za su iya komawa dare, na'urar sanyaya ɗaki ba za ta jira ba. Akwai kuma tsarin da ke bin farashin sari kai tsaye, wanda nake gudu ko an ba ni kyauta. A watan Fabrairun 2021, lokacin matsanancin sanyin Texas, farashin sari ya tsaya kwanaki a dala 9 kan yunit ɗaya, masu irin wannan tsarin suka wayi gari da bashin dubban daloli.

Idan aka ce in jera su, ga gidana babban kamfani ya fi sauƙi, namu ya fi aminci, kuma bambancin kuɗin bai kai in yi ƙaura ba. Ga gida mai yawan sha namu ya fi ta kowace fuska, ban da kyan bil da zaɓin tsari. Ƙungiyar su Umma ita ce mafi tsada, ita ce kuma wadda na fi ganin uzurinta. Ba ɗaya cikinmu da zai iya sauya kamfani, don a yankinmu waya ɗaya ce ke zuwa kowane gida. Amfanin kwatancen a wajenmu shi ne sanin abin da za a yi da tsarin da aka samu kai a ciki, da abin da za a faɗa ranar da hukuma ta kira jama'a sauraron neman ƙarin farashi. Kamfani yakan ce ƙarin kashi kaɗan ne ga matsakaicin gida. A tambaye shi a wane ɓangaren bil zai sa ƙarin. In a tsayayyen kuɗi ne, masu shan kaɗan ne za su fi ji a jikinsu.

Tsarin nan kuma shi ke yanke hukuncin sola, abin da ƙanena ya daɗe yana damuna da shi. Allon sola yana rage yunit ɗin da kake saya, ba ya rage tsayayyen kuɗi. A gidana kowane yunit da na samar 9 kawai zai cece mini, 3,000 na nan daram, don haka kuɗin kayan zai daɗe bai dawo ba. A gidansa yunit ɗin da zai fara ragewa su ne na saman mataki, masu 15, kuma rana ta fi ƙarfi a watannin da ya fi sha. Na ce masa ya sa, amma ya tsaya a girman da zai sauko da shi ƙasa da 1,000, ya kuma nemi kamfaninsa ya ba shi a rubuce nawa yake biya kan wutar da ta yi rara ta koma layi, domin sau da yawa ba ta kai farashin da suke sayar masa ba. Ga Umma kuwa sola ba za ta rage abin kirki a bil ba. Ƙaramin batir da zai riƙe mata fanka da fitila biyu in an ɗauke, shi na saya mata.